Ranar da Baba Ya Saita Wutar Fijo

Shekara biyu cur motar nan ta yi a tsakar gidana a Anka, a kan duwatsu huɗu, ƙarƙashin darbejiya. Sai da na fasa katanga ta gefen yamma aka turo ta ciki, kuma har yau Naja'atu, matata, ba ta yafe mini katangar ba. Fijo 505 ce, irin mai zafin nan da direbobi ke ce wa Ji-Ti-Ai, kalar toka. Wanda bai san ta ba zai ce akwala ce kawai. Ni kuwa na san ta tun tana hannun Alhaji Bature na Gummi, dillalin shanu, Allah ya ji ƙansa, lokacin da in ta doso Anka mutanen tasha ke gane ta da murya tun ba su hango ta ba. Ana cewa in Alhaji ya sayi shayi a Gummi, da tururinsa yake isowa Anka. Ƙarya ce, na sani, amma ban taɓa ganin wanda ya musa ba.

Mutum ɗaya ne ke taɓa injinta a wancan zamanin, shi ne ubangidana da ya koya mini aiki, wanda daga baya ya ba ni 'yarsa. Sunansa ba ya fita daga bakina, amma tunda rubutu ne, ga shi nan sau ɗaya: Abdulwahabu. Daga nan Baba zan riƙa cewa. Shekara goma sha tara ke nan ban ci abinci a gabansa ba, ban haɗa ido da shi ba, in zan yi masa magana a durƙushe nake, kai ƙasa, murya ƙasa. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki, ni kuma nawa biyu ya haɗa, ga shi suruki ga shi ubangida.

Abin da ya sa direbobi ke tasowa daga Gummi da Bukkuyum su yi layi a garejinsa shi ne kunnensa. Bari in yi bayani a taƙaice don wanda bai taɓa riƙe sifana ba. Wutar fulogi in tana zuwa da wuri, mota tana ƙara ƙarfi. In ta cika wuri kuma, sai inji ya fara wani ƙara siriri, kas-kas-kas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar fistin take ci. Gwanintar ita ce ka matsa wutar har bakin ƙarar, sannan ka dawo da ita baya ƙiris. Wasu da fitila suke aunawa. Baba dariya yake yi wa masu fitila. Shi sai ya zauna gaban mota, ya rufe ido, ya sa direba ya hau tudu a giyar ƙarshe ya taka. In bai ji ƙarar ba, a tsaya, ya kwance distiribita, wato mai raba wa fulogai wuta, ya juya ta kaɗan, a sake hawa. Haka za a yi ta yi har ya ɗaga yatsa ya ce, "Ta yi magana." Sai ya mayar da ita baya gwargwadon kaurin farce, ya ɗaure. Motar da ya saita haka, direbanta ya san ya shiga wata mota daban.

Kai, zamanin nan ya yi daɗi. Titi lafiyayye, kowane lokaci ka ga dama ka kama hanya, babu tambayar wa ya fito daga can, me ya gani. Ranar kasuwa garejin Baba cike da Fijo, farare da masu ruwan ƙasa, direbobi na zaune a kan benci suna cin gyaɗa suna ƙaryar gudu. Ina kewar wannan bencin fiye da yadda nake kewar wasu 'yan uwana.

Daga baya Fijo ta yi ƙasa, motoci masu kwamfuta suka shigo, aikin kunne ya mutu. Lokacin da aka samu zinariya, Baba ya koma Abare yana gyaran injinan niƙa dutse. Shekara bakwai yana tsaye a cikin wannan rugugin daga safe zuwa yamma. Da ciwon gubar dalma ya zo aka hana niƙa a cikin gidaje, ya dawo Anka da lafiyarsa, alhamdulillahi, sai dai kunnen ya tafi. Ba duka ba. Yana jin ganga, yana jin tsawa, yana jin kiran salla in yana kusa da masallaci. Sirirrun sautuka ne suka ɓace masa, kukan tsuntsu, muryar mata, ƙarar cokali.

Kowa ya sani ban da shi. Inna Ladidi, matarsa, ta koyi tsayawa daidai gabansa in za ta yi magana, don ya ga bakinta. Naja'atu ta gargaɗi yara da maƙwabta. Shi kuwa kullum ƙorafinsa ɗaya ne, wai mutanen yanzu ba sa buɗe baki, ƙunƙuni kawai suka iya.

Motar kuwa, a bayan gidan magadan Alhaji na same ta a Gummi, kaji na ƙwai a kujerar baya. Babu wanda ya yi jayayya da na ce ina so. Da farko niyyata in tashe ta kawai. Amma duk wanda ya buɗe inji ya san yadda zuciya ke yi. Na sa sabbin ringi, sai na ce tunda an buɗe bari a faɗaɗa hanyoyin iska. Na zauna da zarto siriri ina ci da kaɗan-kaɗan, wata guda. Na samo babbar kafireta mai maƙogwaro biyu a wurin 'yan gwangwan a Sakkwato. Na cire tukunyar tsakiya ta salansa, mai walda ya haɗa mini bututu mai faɗi. Sannan na zo kan babban aikin, aske tof, wato rage kaurin kan injin don matsin cikin ya ƙaru.

Masu hali Gusau suke kai shi a sa a na'ura. Ni yadda Baba ya koya mana na yi: gilashi mai kauri, samfefa a shimfiɗe a kai, a yayyafa kananzir, ka ɗora tof ka yi ta gogawa, gaba da baya, ka juya, ka sake. Gilashin da ya fi kowanne miƙewa a gidan shi ne madubin sif ɗin Naja'atu, na kayan ɗakinta. Ranar da ta tafi suna Bukkuyum na kwance shi. Da ta dawo ta tarar da ni a kansa, hannu baƙi ƙirin, ba ta ce uffan ba. Tuwon da na ci mako biyu bayan nan ne ya yi mini bayani. Mako uku na yi ina guga, kafaɗata har yau tana tuna mini in hadari ya haɗu.

Baba yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci. A shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna yana kallo, ni kuma duk sai in rasa inda na ajiye sifana. Ba ya yabo, bai taɓa yi ba. Ranar da na gama tof ɗin dai ya miƙo hannu, ya shafa fuskar ƙarfen da tafinsa, ya ɗora bakin wuƙa a kai ya duba ko haske na wucewa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ran da za a saita wuta," in ji shi, "ka aiko a kira ni."

Na ce to. Me zan ce?

Bayan 'yan kwanaki, da na gama haɗa injin, na samu Naja'atu tana tankaɗe. Na gaya mata tof ɗin da aka aske ba ya son wasa, ya fi na da saurin fushi, ga man yanzu ba irin na da ba ne. In wuta ta wuce wuri, injin ba zai yi minti goma ba.

"Ni na iya saita ta da kaina," na ce. "In gama, in kai mashi shi gani."

Ta ajiye rariya. "Baban Raihana, shekara nawa rabon da wani shi kira shi aiki? Tun Juma'ar da ta wuce shika zancen ga Inna. Har ya sa an wanke mashi tsohuwar rigar gareji."

"To in bai ji ba hwa?"

"Sai ka san dabarar da za ka yi. Amma kar ka bari shi ji kunya gabanka. Gaban kowa shina iya jurewa, ban da kai."

Na ji haushi, gaskiya. Shekara biyu na zuba a motar nan, da gumina da barcin ranata, ita kuma tana maganar dabara kamar dabara a kasuwa ake sayenta. Amma na san gaskiya ta faɗa. Na kwana biyu ina lissafin yadda zan yi, na tsaya a kan cewa da zarar na ji ƙarar zan ce masa kamar ta yi, shi kuma zai yarda don kada a ce bai ji ba.

Ranar Talata da hantsi muka fita, cikin bazara, rana tun da safe tana dukan kwanon mota. Hanyar Gummi muka kama, da niyyar mu juyo kafin azahar, don yanzu ba a sakewa a hanyar nan. Baba na gefena cikin rigar garejin, shuɗiya da ta koɗe, sifana mai lamba goma sha ɗaya a hannunsa. Tun fitarmu gari motar ke ja kamar dokin da aka daɗe ba a hau ba. Na ji daɗi har na manta da tsorona na ɗan lokaci.

Akwai wani dogon tudu bayan an wuce gonakin bakin gari, inda yake gwajinsa tun da. Ya rufe ido. Na sa giyar ƙarshe na taka. Shiru, inji lafiya lau.

"Tsaya."

Ya fita, na buɗe masa bonet, ya kwance, ya juya, ya ɗaure. Hannunsa bai manta komai ba. Muka koma ƙasan tudu muka sake hawa. Muna kaiwa tsakiya na ji ta, can ƙasa-ƙasa, kas-kas-kas. Daidai wurin ke nan. A da, a nan zai ɗaga yatsa. Na saci kallonsa. Ido a rufe, fuska a sake, yatsa na kan gwiwa.

"Baba, awa ta yi," na ce.

Bai motsa ba. Sai a lokacin na gane wautar dabarata. Idonsa a rufe yake, ni kuma kaina na kallon titi, muryata kuwa irin wadda na saba yi masa ce shekara goma sha tara. Ko mai lafiyayyen kunne da ƙyar zai ji ni a cikin wannan salansar.

"Tsaya," in ji shi. "Da saura. Wagga ai tana da wuri da yawa, ka yi aiki ga tof ɗin nan."

Yabon farko ke nan da na taɓa samu daga bakinsa, kuma a ranar ya ga damar ba ni. Muka tsaya. Yana sunkuye cikin inji na durƙusa daga gefe na sake gwadawa.

"Baba, man yanzu ba shi da kyau. Ko a bar ta haka nan?"

Ya ga bakina na motsi, ya ce, "Madalla, madalla," ya ƙara juya ta. Ba ƙiris ba, wannan karon da ɗan yawa, don yana ganin akwai sauran fili.

Ina iya miƙewa in tsaya gabansa in ɗaga murya in ce, Baba, tana ƙara tun ɗazu, kai ne ba ka ji. Kalma goma ce kacal. Ina iya cewa cikina na ciwo mu koma gida. Wannan ma ta zo mini, amma sai bayan kwana uku. A lokacin dai abin da na gani shi ne dattijo ya goge hannu a rigarsa, ya zagaya ya shiga gaban mota da sauri irin na masu shekara arba'in, ya ja ƙofa.

Hawa na uku ƙarar ba ta ɓoye kanta ba. Ni dai a haƙorana nake jin ta. Muka gama tudun, titi ya miƙe sambal wajen Daki Takwas, babu mota ko ɗaya, babu rami a wannan tsakanin. Na fara ɗaga ƙafa. Baba ya buɗe ido, ya ga titin, ya dube ni.

"Mi kaka jira? Taka ta mu gani!"

Na taka.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa shiga abu irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Kujera ta manne mini a baya. Maleji ya wuce ɗari da arba'in kamar ba komai, ya wuce da sittin. Itatuwan bakin hanya suka zama abu ɗaya. Iska ta cire wa Baba hula ta jefa ta kujerar baya, bai ko waiwaya ba. Dariya yake yi, baki buɗe, yana dukan gaban mota da tafin hannu.

"Ita ta! Wallahi ita ta! Nan munka wuce motar Auwal Dogo, shekarar da anka yi ruwan ƙanƙara! Alhaji na baya shina salati, shina cewa a ƙara!"

Yana ta nuna wurare. Ga inda mai fura take zama, ga tsamiyar da direbobi ke salla a gindinta, ga inda tayar wane ta fashe. Yawancin abin da yake nunawa babu su yanzu, fili ne kawai da kututture. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari ina sauraron injina yana cin kansa. Allurar zafi ta fara hawa. Na san aikin shekara biyu ne ke narkewa a ƙarƙashin bonet ɗin nan, na san daidai fistin ɗin da zai fara tafiya. Ƙwalla ta cika mini ido, kuma har yau ban san ta baƙin ciki ce ko ta daɗi ba, don duka biyun ina jin su. Ban ɗaga ƙafa ba.

Minti huɗu ta ba mu, ko biyar. Sai wani gum daga gaba, wannan kam Baba ya ji shi. Motar ta yi shaƙuwa, ƙarfi ya zube, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanmu. Na taka kuloci na bar ta ta gangara har gindin wata kanya, ta tsaya.

Muka fita. Ƙaurin baƙin mai ya cika wurin. Baba ya zagaya gaban motar. Ya sa tsumma ya buɗe bonet, ya jira zafin ya ragu, ya karɓi sifanar fulogi daga hannuna. Na farko ya fito fari fat. Na biyu haka. Na uku bakinsa ya narke, duk jikinsa ɗige-ɗigen farin ƙarfe, wato naman fistin. Ya kai shi kusa da ido, ya juya shi a rana. Babu bakaniken da ke buƙatar kunne don karanta wannan, balle shi da ya koya mana karatun.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a kan saiwar kanyar, fulogin na hannunsa. Na durƙusa nesa kaɗan, kaina ƙasa.

"Muttaka."

"Na'am, Baba."

"Ɗago kanka in ga bakinka."

Na ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa kusa haka ba. Ashe ya tsufa sosai.

"Tun ina kaj ji ta?"

"Tun hawa na biyu."

"Na biyu." Ya gyaɗa kai a hankali. "Kuma nis sake juya ta. Kuma nic ce ka taka, kat taka."

Na gyaɗa masa kai.

"Wa yas sani ban da kai?"

Na so in ce babu kowa, amma yana kallon bakina.

"Kowa, Baba."

"Har Ladidi?"

"Har Inna."

"Shekara nawa?"

"Tun dawowarka daga Abare."

Ya juya kai ya kalli titi. Wani mai babur ya wuce da buhunan gero, ya rage gudu ya yi mana sannu, Baba ya ɗaga masa hannu. Ina jira ya yi faɗa. Da ya yi faɗan da na ji sauƙi, don na san faɗansa, na girma a cikinsa. Sai kawai ya sa fulogin a aljihu ya share fuska da hannun riga.

"Ashe ba ƙunƙuni kuka yi ba," ya ce. Sannan ya ƙara, "Shekara biyu kana wahala kanta. Da ka hwaɗa mani, ɗana. Kunya ta yini ɗaya ta, da na sha ta na wuce."

Na ce masa ba komai, Allah ya ƙaddara, inji ana samun wani. Na faɗa ne yadda na saba, kai ya koma ƙasa da kansa.

"Ban ji ba," in ji Baba.

Wannan ne karo na farko da wani ya ji kalmar nan daga bakinsa. Na ɗago na maimaita.

"Ban ji ba. Ɗaga murya. Daga yau in za ka yi mani magana, ka ɗaga murya, ko gaban wa."

 Babu kowa a wurin sai mu biyu da mota mai hayaƙi, amma sai da na waiwaya hagu da dama. Sannan na buɗe maƙogwaro, na yi wa surukina ihu a bakin titin Gummi, na ce masa ta kai ɗari da tamanin kafin ta mutu.

"Da tamanin?" Ya zaro ido. "Hannun Alhaji ba ta taɓa wuce da sittin ba."

"Ba ta taɓa ba, Baba!" na sake yin ihu, hawaye na zubo mini.

Ya miƙo mini hannu in tashe shi, na kama.